Yadda Za Ka Zaunar Da Iyalinka A Jirgin Ruwa Ba Tare Da Ka Tambayi Kowa Ba

Ni ne Rasmani Sawadogo, Bamoshe ta wajen ƙabila, mutumin garin Wahiguya. Na yi Abijan, na yi Kumasi, yau shekarata goma sha ɗaya a bakin kogin Mopti. Aji biyu na yi a boko, amma in ka bi matakan nan, na ba ka tabbaci kafin shekara ta zagayo duk tashar jirage ta san sunanka. Nawa har yau ba a manta ba.

Mataki na ɗaya: Kira shi gida

Fari ya koro ka daga ƙasarku da mata da 'ya'ya biyu, ɗaki ya gagara. Nemi tsohon jirgin katako mai rumfar tabarma, wanda ya daina tafiya. Matarka za ta tsaya a bakin ruwa da turmi a ka. Tawa, Poko, cewa ta yi, "Baban Tene, shekara ɗaya na ba ka. In abin nan bai zama gida ba, zan kwashi yarana mu koma gidan babana, ko ƙasa za mu ci."

Yi dariya. Namiji ba ya nuna ya ji.

Mataki na biyu: Kada ka saurari ɗan Bozo

Kafa turke ka ɗaure jirgin tamau, yadda kake ɗaure jaki. Maƙwabcinka masunci, ɗan ƙabilar Bozo, zai leƙo, kamar yadda tsoho Konta ya leƙo ni.

"Bamoshe, ruwa ya fara janyewa. Kullum da safe a sassauta igiya, a tura jirgi a bi shi."

"Baba, ni gida na zo nema, ba kiwo ba. Ruwa saniya ce da zan riƙa bin ta?"

"To, mai gero, Allah ya ba da sa'a."

Lura: mutumin da aka haifa a kan ruwa ya saba da shi da yawa, ba ya ganinsa sosai. Sai baƙo.

Mataki na uku: Yi murna

Kogin zai tafi da maƙwabta duka, ya bar ka zaune daram a kan busasshiyar laka. Ja darni. Shuka kuɓewa. In rana ta fara leƙowa ta tsakanin katakan, Poko za ta dawo daga bandar kifi, inda ta riga ta koyi yaren Bozo kai kana nan a kan gaisuwa, ta ce, "Matar Konta ta ce katakon jirgi in ya bushe buɗewa yake."

Ce mata tagogi ne.

Mataki na huɗu: Tarbi ruwa

Wata safiya ruwan zai dawo. Jiragen kowa su ɗaga, naka ya tsaya inda yake, ruwa na shiga ta tagoginka. Hau can baya ka riƙa ba da umarni, tukunyar tuwo na wucewa ta gabanka. Konta zai zo a kwale-kwalensa ya kwashi yaran, yana cewa, "Kai, gidanka da ladabi! Kowa ya miƙe, shi yana durƙushe."

Mataki na biyar: Durƙusa kai ma

Poko ta ɗaure kaya, ta doshi tashar mota, ba ta ko waiwaya ba. A nan dabarata ta ƙare. Na tsuguna cikin taɓo gaban Konta, masu kifi da masu dako na kallo, na ce, "Baba, koya mini."

"Ɗaga murya, kunnen nan ruwa ya cinye shi."

Na ɗaga. Ya juyo ɗaya kunnen. Na sake.

Sannan ya kira maza takwas aka jawo jirgin tudu, ya tura matarsa ta tare Poko. Mako uku muna cusa tsumma da man kaɗanya a tsagogin. Ranar da ya tashi a kan ruwa, Poko ta taka ko'ina da diddige, ta sauke turminta, ta ce, "Na zauna. Amma daga yau igiyar nan ni ke kwance ta, ni ke ɗaure ta."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan matarsa ta riga shi isa mota, babu hannuna. Ƙorafi kuma a kai wa Poko, ita ke da jirgin. Ni kwarfar ruwa aka ba ni, kuma an ce ina ƙoƙari.