Wa Ya Zuba wa Amibata Jabel?

Da hannuna na ɗebo ruwan Binuwai, na yi ta kiwon amiba, 'yar halittar nan da ido ba ya gani, a kwalba, don sufeton makarantu ya san makarantarmu ta Garwa tana da malamin kimiyya. Ranar zuwansa na leƙa madubin ƙara girma, sai na ga amibar ta dunƙule. Tantanin da ke kewaye da cibiyarta ya ɓace.

Nan take na gano mai laifi. Madam Asta, abokiyar aikina, ita ke riƙe da ɗaya makullin ɗakin gwajin kimiyya, kuma tun safe take mini wani irin murmushi.

Na tare ta a gaban sufeto. "Madam, me amibata ta yi miki da za ki zuba mata jabel?" Har yatsunta na nemi in sansana, ko zan ji warin wannan ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ta leƙa madubin, ta jima, ta ce, "Malam, zo ka ga gawar."

Amiba biyu na gani, kowacce tantaninta na sake rufe cibiyarta. Ashe rabuwa take yi, darasin da ni nake koyarwa.

Tun ranar sunana Komisa, wato kwamishinan 'yan sanda. Ko haihuwa aka yi wa wani malami, sai Madam Asta ta ce, "Ku ɓoye wa Komisa, kar ya buɗe bincike."