Ranar da Na Share Ango a Bungudu

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin abokina Lawali, domin ni ne sanadin da ango ya je ɗaurin aurensa yana dogara sanda.

Bari in faro daga tushe. Akwai wani ɗan wasan baya, ɗan ƙasar Fotugal, da na bi rayuwarsa tun yana wata ƙaramar ƙungiya a ƙasarsu har manyan ƙungiyoyin Turai suka shiga rububinsa. (Ba sai na kama suna ba, duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a gidan kallon ƙwallo ya ji sunan har ya ƙoshi.) Jama'a masu zura ƙwallo suke so, ni kuwa mai hana zurawa nake so. Na san lokacin da ya ji ciwo a gwiwa aka ce tasa ta ƙare, na san yadda ya dawo har aka ba shi kyaftin. Abin da ya fi burge ni shi ne a fili ya tsufa. Sa'o'insa sun koma sharhi a talabijin, shi yana nan yana tare yara masu gudu kamar babur. Daga ƙarshe ya koma gida ya ajiye takalmi cikin mutunci.

Ni da shi kusan sa'o'i ne, kuma nan matsalar take. Na sa a raina in shi ya iya, ni ma zan iya. Ban tsaya na tuna cewa shi kullum yana atisaye ba, ni kuwa kullum ina zaune a shagon yadi a kasuwar Gusau, fura da rana, tsire da yamma. Rabona da taka leda tun ina sakandare a Tsafe, can ɗin ma galibi a benci nake ƙarewa.

Lawali zai auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar Bungudu. Sai samarin unguwar su amarya suka aiko cewa ranar jajibiri za a buga wasan zumunci tsakaninsu da abokan ango. Ni na fara ba da suna. Na sayi takalmi, na sayi riga mai lambar gwanina. Da na gwada ta a gida, matata Hajara ta daɗe tana kallon yadda rigar ta ɗame tumbina, sannan ta jefa mini man zafi a jaka.

A mota na cika mutane da lacca, wai ɗan baya da ƙwaƙwalwa yake wasa, ba da ƙafa ba. Lawali ya ce shi zai tsare gida, tunda ya yi gola yana yaro. Yayansa Bello ya hana, ya ce ango ya zauna ya yi kallo. Ni na sa baki.

"Yaya Bello, a bar shi ya tsaya. Ina gabansa, ko ƙuda ba zai kai gare shi ba."

Filin wata firamare ne, an ɗan yi yayyafi da safe. Dangi sun zo daga Nahuce da Rawayya, uban amarya na zaune kan kujerar roba tare da dattawa, mata sun jeru a bakin katanga. Da farko komai ya tafi daidai, saboda ƙwallon ba ta zo inda nake ba. Na yi ta nuna wa mutane wuri da yatsa, ina tsawa, ina tafa hannu. (Wannan ɓangaren na aikin kam na iya shi sosai.)

Sai wani siririn saurayi ɗan Nahuce ya karɓi ƙwallo ya nufo ni. Kafin in gama shawarar ta wace ƙafa zan tare shi, ya wuce. Na juya na bi shi, ina jin numfashina kamar injin niƙa. Lawali ya fito daga raga. Nan na ce lokaci ya yi da zan yi sharar nan da na sha gani a talabijin. Na miƙe ƙafa na zube ƙasa. Saurayin ya yi tsalle ya tsallake ni. Ni kuwa laka ta ɗauke ni, ban tsaya ko'ina ba sai a idon sawun ango.

Lawali ya kife. Ƙwallo ta gangara a hankali ta shiga raga. Kuma saboda tsabar sabo da kallo, ina kwance cikin laka sai na ɗaga hannuwa biyu sama kamar yadda gwanina yake yi wa alƙalin wasa, wai alamar ban taɓa shi ba. A gaban mutanen gari guda.

Aka ɗauki ango a babur zuwa wurin mai ɗori. Allah ya taimake ni targaɗe ne, ba karaya ba. Yaya Bello kallo ɗaya ya yi mini, na gwammace ya zage ni.

Washegari Lawali ya iso ƙofar masallaci cikin farar babbar riga, ƙafa a naɗe, riƙe da sandar wani tsoho. Na raɓe a bayan taro. Da aka shafa fatiha, na fara sulalewa, sai na ji uban amarya yana tambayar ina Baturen Fotugal ɗin. Aka turo ni gaba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam," ya ce, fuskarsa ba alamar wasa, "wanga yaro lafiya lau ya zo neman ɗiyata. In kai ma kana son ta ne, ai da ka yi magana tun da wuri."

Dattawa suka fashe da dariya, har liman. Lawali ya yi dariya har sai da ya riƙe kafaɗata don kada ya faɗi, a nan na gane ya yafe. Amarya ita ta ƙarasa jinyar ƙafar, kuma har yau in na je gidansu sai ta ce wa mijin ya janye ƙafafunsa, ga ni nan tafe.

Har gobe ina son ɗan wasan nan, ina kuma ba da labarinsa ga duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni. Na dai gane cewa shekaru kawai muka haɗa da shi. Yanzu in an ce akwai wasa a biki, ni nake riga kowa zuwa fili, in kama kujera a cikin dattawa. Daga can, babu ɗan gaban da ya taɓa wuce ni.