Ranar da Allon Dame Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da Baba Gariba ya tsiraita ni a gaban mutanen Zango, alhali ko maɓallin rigata bai taɓa ba.

Lokacin na yi shekara takwas da dawowa daga yaƙin Burma. Kowa a Kumasi Saja yake kirana. Ban taɓa zama saja ba. Wani ne ya fara faɗa, ni kuma ban hana shi ba. Da aka tambaye ni labarin yaƙi na ce kullum ni ne a gaba. (Sau ɗaya na faɗa, sai ya zama dole in ci gaba da faɗa.)

Abu ɗaya na gaskiya da na kawo daga can shi ne dame, wato darar da ake yi a kan allo. A daji muka koya, mun zana gidaje a murfin akwatin harsashi, marafan kwalba ne 'ya'ya. Da sauri ake yi, don ba ka san lokacin da za a busa usur ba. Ka tura, ka ci, ka tashi. Da wannan na riƙa cinye teloli da mahauta daga Zango har Akwatialine.

Amma dame ba ya cika tukunya. Gadin da nake yi a Bantama ya ƙare, matata tana da ciki. Sai na ji Baba Gariba, maigidan fataken goro, yana neman wanda zai riƙa raka lorinsa arewa. Aikin nan nake so, ba wasa.

Na sa lambar yaƙina a ƙirji na tafi. Na same shi a rumfa, ana jera goro cikin ganye ana ɗaure huhu. Tsoho ne siriri, ido ɗaya ya yi fari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Saja, an ce kana taɓa dame. Zauna."

Muka ɗora allon a gwiwoyinmu. Kafin mu jera 'ya'ya mutane sun taru. Mumuni tela, wanda na fi kowa cinyewa, ya bar kekensa ya zo.

"Baba, ka yi wasiyya tukuna," in ji shi. "Wannan Japan ma gudunsa suke yi."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. (Allah ya yafe mini wannan dariyar.)

Na fara turawa ina buga allo, kas, kas, yadda muke yi. Shi kuwa sai ya ɓantari goro, ya tauna, ya dubi allo kamar mai duban gona, sannan ya matsa ɗa ɗaya da ɗan yatsa. Na ci ɗaya. Na ci biyu. Na kwashe layin bayana duka na tura gaba, don in gama da shi kafin a kira magariba.

Sai ya miƙo mini ɗa guda a baki. Dokar dame, in ci ya zo maka dole ka ci. Na ci. Ya miƙo wani. Na ci. A nan na dubi gidana, na ga ba kowa. Tsohon nan ya ɗaga ɗa ɗaya ya bi ta kaina, tsalle huɗu, ya sauka a layina na ƙarshe ya zama sarki. Bai buga allo ba. A hankali ya ajiye, kamar mai ajiye ƙwai. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, ko da yake ni ake yankawa.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, na yi shekara talatin ina bin hanyar Salaga da jakuna. Duk wanda ya taɓa zama a gaban ayari, taku ɗaya yake yi ya waiwaya. Kai ba ka waiwaya ko sau ɗaya ba. A ina ka tsaya a Burma?"

Ina iya ƙara wata ƙaryar. Amma idon nan ɗaya yana kaina.

Na ce, "A baya, Baba. Ɗan dako ne ni. Harsashi na ɗauka a ka."

Mumuni ya faɗi a kan huhun goro yana riƙe da ciki don dariya. "Saja kaya-kaya! Jama'a, ashe da gammo ya ci Japan!"

Na ji lambar ƙirjina ta fi akwatin harsashi nauyi. Na yunƙura zan tashi, Baba ya danne allon a gwiwata.

"Shekara nawa kana ɗauka?"

"Biyu."

"Ka taɓa yar da kaya ka gudu?"

"Ko sau ɗaya."

"To me ya kai ka ɓoye wannan? Ni ba yaƙi zan aike ka ba. Mumuni, tashi mini daga kan goro. Kai kuma ka zo ran Asabar. A bayan lori za ka zauna, kan kaya."

Haka aka yi. Shekara shida ina shan ƙurar hanyar Tamale, huhu ɗaya bai ɓata ba. Sunan kaya-kaya kuwa, yadda ake kiran ɗan dako a Kumasi, ya bi ni har yau, jikokin Mumuni ma da shi suke gaishe ni.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka yi ƙarya, yi ta da baki kawai. Kada ka kai ta gaban tsohon da ya iya kallon hannu a kan allo.