Za Mu Cece Su da Igiya

Jiya na tafi kasuwar Magariya a kan jakina, na dawo a ƙasa. A bakin kasuwa Halilu, baran babban mutumin garinmu, ya tare ni ya ce in sauka, jakin ya shiga aikin ceto. Na tambaya wa zai ceta. Ya ce mutanen kudu. Jakin da ko ƙuda bai iya kore wa kansa ba.

Ga wanda bai ji ba, akwai wani mai gari a kudu da mu, azzalumi ne. Wannan ba ƙage ba ne. Na ga mutumin da ya yanke wa kunne don bai durƙusa da wuri ba. Yana cike rijiyar ƙauyen da ya makara da gaisuwa, yana sayar wa fatake 'ya'yan talakawansa. Da labari ya iso wa namu babban, Uban Tausayi, Inuwar Marayu, Allah ya ja zamaninsa, sai ya kasa cin abinci. Na rana dai. Ya ce sai yaƙi.

Da yake na yi shekaru ina karatu a Masar, aka kira ni zaure in ce ya halatta. Ba a ce in duba ba, cewa aka yi in ce. Na faɗi abin da na sani: kawar da azzalumi alheri ne in akwai iko, da sharaɗin ɓarnar yaƙin ba za ta fi tasa ba. Manyan zaure suka karɓi rabin farko, suka sa mini albarka. Rabi na biyu na komo da shi gida.

Aka sa wa kowane gida damin gero. Wannan na gane, mai ceto ma yana jin yunwa. Sai aka ce da maƙwabcina Labbo, tsohon da ke tufka igiyar kaba, ya bar ta guga da dabaibayi, ya tufka dogaye masu zarge a jere, kowane daidai wuya.

Na ce da Halilu azzalumin ɗaya ne, wuyansa ɗaya, sauran zargen fa? Ya ce don kada waɗanda aka ceto su ɓace a hanya. Na ce wace hanya, ba a gidajensu za a bar su ba? Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya daɗe a waje. Ya ce dakaru ba godiya suke ci ba, kowa ya san wanda ka kamo naka ne.

To Labbo yana da 'ya a garin azzalumin, Rakiya, tana aure can da 'ya'ya huɗu. Bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida, da kaba a hammata.

"Malam, ni ma na shiga yaƙin."

"Baba, da wace gwiwa?"

"Ba faɗa zan yi ba. Na san ƙofar gidan. In riga kowa isa, in sa mata igiya da hannuna, ita da yaran, in ce kamuna ne. Tasu na daka kabar sosai, ba za ta ci wuya ba."

Na ce tun da aka fara maganar nan ban ji dabara mai hankali kamar tasa ba, kuma ba wasa nake yi ba. Sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ji ɗaya cikin biyar na ganima rabon shugaba ne, wai haka ne? Na ce haka yake a littafi, amma littafin bai ce a kama Musulmi ɗa, wanda ba bawa ba, a raba shi ba. Ya ce wannan in je in faɗa a zaure. Shi dai nasa su biyar ne.

"Wa zan bari, Malam? Uwar ba ta yiwuwa. Ƙaramin yana shan nono."

Na ce ya ba ni lokaci in duba. Na duba. Malamanmu na Masar sun yi babi guda a kan rabon raƙumi tsakanin magada, ba su yi na jika ba.

Yau da hantsi na leƙa in gaya masa ban samu ba. Na tarar ya ƙara zarge na shida a igiyar, babba, bai daka kabarsa ba. Ya ce in bar wahalar da kaina, ya tuna surukin nasa ma yana gidan.

Azzalumin ya cancanci faɗuwa, har yanzu a kan haka nake. Mutanen kudu kuwa, Allah ya ba su haƙurin ceto.