Maɓuɓɓugar Injiniya Sallau

Wani mutum ne a unguwarmu, Sallau. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, alhali ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa ba sai da ya fasa shi. Amma baki, tubarkalla.

Da rijiyar burtsatsen unguwa ta lalace, Sallau ya ƙwallafa rai sai an ba shi aikin gyaranta. Ya tsaya gaban Mai Unguwa Barau yana bugun ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ni da na ƙera maɓuɓɓugar ruwa a kan teburin falona? Ba wuta, ba batir, ruwa na tashi da kansa. Burtsatse ai wasan yara ne."

"To, gobe bayan la'asar za mu zo mu gani," in ji Barau.

Gogan naka ya koma gida ya duƙufa. Ya ɗauki bokitin matarsa Ladidi, mai sayar da zoɓo, ya huda gindinsa, ya soka siririn tiyo. Ya cika shi da ruwa ya ɗora kan katangar tsakar gida, ya zuro tiyon ta taga, ya ɓoye bakinsa cikin tsakuwa a faranti. Ruwan da ya taru kuma yana zurarewa cikin wani baho a ƙarƙashin tebur, an lulluɓe da zane. Bai gaya wa Ladidi komai ba, wai mata ba su san kimiyya ba.

Washegari bayan la'asar, Barau da dattawan unguwa suka iso. Ruwa na ta tsiri, tsul-tsul-tsul, gwanin sha'awa. Sallau sai hura hanci yake yana zuba bayani.

A tsakar gida kuwa, Ladidi ta gama tace zoɓonta. Ta hango bokitinta a kan katanga, ruwan ciki ya kusa ƙarewa. Ta juye zoɓon a ciki ta bar shi ya sha iska.

A falo ruwa ya fara yin ja. Sallau ya dubi farantin, amma ya dake.

"Wannan mataki na biyu ke nan, ranka ya daɗe. Canza launi."

Sai ƙamshin citta da kanumfari ya cika ɗakin. Can sai ga kan Ladidi ta taga, tiyo a hannunta.

"Malam, wa ya huda mini bokiti? Zoɓona ya yi rabi, na biyo wannan igiyar har nan."

Sallau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Barau ya miƙa kofi, ya tara, ya kurɓa, ya gyaɗa kai.

"Injiniya, aikin burtsatse dai mun fasa ba ka. Amma ranar sunan jikata ka zo da na'urarka. Sai dai ka ce wa injin ya ƙara sukari."