Ƙafa Huɗu Kamar Dutse

Shekarar da aka kawo ni Dakoro tuƙin motar kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ban san kowa ba sai motar. Daga Maraɗi na zo, inda hanya ke da tauri, kuma a ganina duk garin babu wanda ya san ƙafar mota kamata.

Ran da aka aike ni Bader ni kaɗai, na ga an rage wa ƙafafun iska. Na ɗauko famfo na yi ta bugawa har suka zama kamar dutse. Tsohon direban da na gada yana zaune gindin itacen bedi, ya ce, "Ɗana, rairayi ba ya son ƙafa mai tauri." Na ce, "Baba, mu a Maraɗi ba ma tuƙi da lalaci."

Ban yi nisa ba motar ta kafe har ciki. Na tona, na yi wa Nasara ashar tunda ba ya kusa, ruwana ya ƙare, babu ko tsuntsu. Har na fara ba motar haƙuri da baki. Sai la'asar wani Buzu ya zo bisa raƙumi, ya ba ni ruwa. Na tuna maganar tsohon direba, Buzun ya tsaya yana kallo ina sace iskar da na sha wahalar bugawa. Motar ta fita sumul, labari kuwa ya riga ni komawa gari.

Har yau in na ratsa kasuwa, mahauta na hura akuya za su feɗe, sai su ƙwala mini kira: "Na Maraɗi, zo ka latsa, ta yi tauri ko a ƙara?" Nakan je in latsa. Da can ko kirana ba a yi.