Yadda Aka Ceci Katantanwa

A wani daji akwai kududdufi mai baƙin taɓo, warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko kura sai ta kauce hanya in ta zo wucewa. A nan Katantanwa ta tsufa, kuma wallahi ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Cikin jikinta akwai wasu mitsi-mitsin baƙi da ido ba ya gani. Ita ta ba su masauki, su kuwa su zuƙi warin nan su sarrafa shi ya zama abinci, su ci, ita ma ta ci. Haka ta gada daga uwarta.

Ran nan Belbela, shugabar kwamitin jin ƙai, ta biyo ta wurin, ta ga tsohuwa cikin taɓo, sai hawaye shar. Ba na munafunci ba ne kuwa, Belbela akwai tausayi. Ta garzaya majalisa.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Ɓauna, shugaban majalisa, "abin kunya ya same mu. Muna shan ruwa garai-garai, uwarmu tana kwance cikin ƙazanta. A kai ta tafkin dutse yau ɗin nan."

Aka ɗauko Katantanwa a kan ganye zuwa majalisa domin ta yi godiya.

"Allah ya saka da alheri," ta ce. "Amma 'ya'yana, don Allah ku bar ni inda nake. Warin da kuke gudu shi ne hatsinmu. Ba ni kaɗai ce cikin ɓawon nan ba. In babu warin nan baƙina za su mutu, ni kuwa ban iya kiwo ba, ban taɓa koya ba."

Belbela ta share ido. "Kun ji ko? Wahala har ta zame mata jiki. Haba Inna, daina jin nauyinmu."

Kowa ya ce madalla, aka kwashe ta.

Tafkin dutse kam ruwa ne tas, har yashin ƙasa ana gani. Kullum sai an kawo mata ɗanyen ganye, ta yi ta kallonsa, ba ta san ta inda ake farawa ba. Tana ji baƙinta suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, wannan ya fi yunwar ci mata rai. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta roƙe shi ɗan taɓo, ko loma guda. Su kwashe da dariya, su ce kai, Inna ba ta rabo da barkwanci!

Har yau ɓawonta yana nan a ƙofar majalisa, fari fat, ana nuna wa masu ziyara.